Waiwaye: Inda Ake Ajiye Manhajar da Mutum Ya Gyara da Hannunsa

Duk wanda ya taɓa kula da kwamfutocin makaranta ko shagon buga takardu a Sakkwato, in dai tsarin Linux ko na BSD ne ke tafiyar da su, ya san wannan ciwon kan. Ka ɓata kwana biyu kana gyara manhaja don ta riƙa fitar da ƙ da ɗ da ɓ daidai, ko ta buga ajami wasulla ba su watse ba. Ranar da aka sabunta na'urar, sai gyaran ya bi ruwa.

Matsalar ta girmi da yawa daga masu fama da ita. A 1994 Jordan Hubbard ya kafa tsarin ports na FreeBSD, ɗaya daga cikin ire-iren BSD. Abin da ake tarawa a cikinsa umarnin haɗa manhaja ne: inda za a ɗauko asalin rubutunta, facin da za a yi mata, da sauran manhajojin da take jingina da su. OpenBSD ta ara, NetBSD ma ta tsaga nata, pkgsrc, a 1997. Sai dai rumbun na kowa ne. Wanda ya cusa nasa damin a ciki, ranar sabuntawa ko a share shi, ko ya ci karo da na masu rumbun.

Daga nan kowa ya nemi dabara. OpenBSD ta ware folda guda, /usr/ports/mystuff, don kayan mai na'ura. A ɓangaren Linux kuwa, Gentoo, wadda sigarta ta 1.0 ta fito a 2002, ta yi suna da abin da ta kira overlay, wato ƙaramin rumbunka a gefen babba, wanda na'ura ke leƙawa tana ɗaukar naka in ka umarce ta. Arch ta buɗe AUR a 2005, Ubuntu ta kawo PPA a 2007, duka biyun wuraren da masu amfani ke ajiye nasu kayan a intanet ne, daban da babban rumbu. Abin mamaki, FreeBSD da ta share hanyar, sai a 2019 ta shigar da overlay cikin ports ɗinta.

A ganina wurin ajiya kawai aka samu, wahalar tana nan. In manhajar da taka ke jingina da ita ta canja siga, kai za ka sake haɗa taka, wataƙila facin ma ya ƙi zama. Wasu kan ɗaure sigar da umarnin apt-mark hold don kada a taɓa ta, su manta cewa sun toshe ƙofar gyaran tsaro ke nan.

A nan gida ga ƙarin nauyi: tsadar data, ɗaukewar wuta ana tsakiyar haɗawa, da zafin Afrilu mai wuce digiri 40, wanda ke sa na'ura ta kashe kanta. Shi ya sa masu lura kan haɗa sau ɗaya a kwamfuta guda, su raba wa sauran ta filash. Ba kasafai kuma ake rubuta dalilin kowane faci ba. Sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne ya yi gyaran, shekararsa ta cika ya koma garinsu, wanda ya gaje shi ya buɗe foldar yana kallo, bai san wanne zai cire ba.