Bututun bayan gida a tsohon gida: tambayoyi da amsoshi

Yawancin gidaje a Kano, Kaduna ko Zariya ba su haɗe da babbar magudanar gwamnati irin ta wasu unguwannin Abuja da ke kai ƙazanta matatar Wupa. Daga bayan gida bututu ne ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ya faɗa ramin ƙazanta, daga nan ruwan ya wuce sokawe, wato ramin da ƙasa ke tsotse ruwan. Idan gida ya haura shekara 40, wannan hanyar ce ke fara kuka.

Ta yaya zan gane matsalar ta babban bututu ce?

Idan wuri ɗaya ne ya toshe, a nan matsalar take. Amma in ka zuba ruwa a masai sai ka ji "gul-gul" a wurin wanka, ko ruwa ya ɓullo ta kwatar banɗaki mafi ƙasa a gidan, to babban layi ne. Wata alamar a tsakar gida take: wani gefe da ba ya bushewa ko a watan Maris, ciyawa kore shar, ko daɓen siminti ya lotsa. Wari kaɗai ba hujja ba ne. Banɗakin da aka daɗe ba a shiga ba, ruwan da ke kwance a lanƙwasar bututu yana toshe wari shi ne ya bushe. A zuba ruwa bokiti ɗaya, ya isa.

Sai a fara haƙa ke nan?

A'a, nan ne ake asarar kuɗi. Kafin a ɗaga diga, a buɗe cemba, wato ƙananan ramukan nan masu murfi da ke kan hanyar bututun. A jiƙa bula a bokiti, wani ya zuba a masai, kai ka tsaya a bakin cemba kana kallo. In cembar wayam take kuma shuɗin bai iso ba, toshewar na tsakanin banɗaki da ita. In cike take fal, matsalar na gaba: ko bututun da ke zuwa rami, ko ramin ne ya cika. In shuɗin ya iso amma a hankali, ɗan kaɗan, ko ya zo da yashi da laka, mai yiwuwa bututun ya fashe a wani wuri. Masu kyamarar da ake zurawa cikin bututu sun fi nuna wurin daidai, in ana samunsu a garinku.

Me ke lalata tsohon bututu?

Ya danganta da abin da aka binne. Na ƙarfe tsatsa ke cinsa daga ciki, ya yi kaushi, komai ya riƙa maƙalewa. Na yumɓu gajeru ne, mahaɗa da yawa, kuma kowace mahaɗa ƙofa ce ga saiwa. Darbejiya da mangwaro da kakanmu ya shuka don inuwa su ne kan gaba. Saiwa kamar zare take shiga, bayan shekaru ta zama dam kamar soson wanka. Akwai kuma lotsawa: ƙasa ta zauna, musamman mai laka ko inda mota ke takawa, bututu ya yi ciki, ruwa ya kwanta a nan yana tara dauɗa. Sauran kuwa aikinmu ne: maiƙon miya, leda, tsumma, kunzugun yara.

A zuba asid ko soda mana?

Ni dai ba na ba da wannan shawara. Ba ya gyara fasasshen bututu, yana ƙara cin na ƙarfe, yana kuma kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a rami. Sandar zura ko waya mai murɗawa ta fi. In an buɗe yau, bayan wata biyu ya sake toshewa a wuri ɗaya, a daina biyan kuɗin buɗewa, a tono wurin.

Faci za a yi ko canji?

Fashewa ɗaya, a yanke wurin a sa sabo. Da yawa, a canza layin duka da bututun roba mai inci 4. Abin da za ka sa wa mai aiki ido shi ne gangara: kusan santimita 2.5 a kowace mita. A shimfiɗa yashi ƙarƙashinsa, a gwada da ruwa kafin a mayar da ƙasa. In tsohon na asbestos ne, kada a yanka shi da injin a bushe, ƙurarsa na illa ga huhu. A Turai da Amurka suna saka sabon rufi cikin tsohon bututu ba tare da haƙa ba, dabarar da aka fara a Landan a 1971, amma wanda ya riga ya rufta ko ya lotsa sai an tono.

In ramin ne ya cika fa?

A kira motar kwashewa. Kada kowa ya shiga ciki, ko don ɗauko waya: iskar da ke ciki na sumar da mutum nan take, mai shiga ceto ma haka. In kuma kowace damina sokawe ke ambaliya, ƙasar ce ta ƙoshi, sai a haƙa sabo, a nisanta shi da rijiya aƙalla mita 30.