Cin abinci a trattoria a Italiya: ku karanta nan kafin ku sake kirana

Na daɗe a Bolonya, kuma duk wanda ya shigo Italiya, ɗalibi ne ko Alhajin da ya zo saro takalma da jaka, sai ya tsaya a ƙofar gidan abinci sannan ya tuna da lambata. Tambayoyin kullum iri ɗaya, to ga su nan da amsoshinsu, don Allah a bar ni in yi barci.

Wai mene ne trattoria ɗin ma?

Gidan abinci ne na iyali. Uwa ko kaka tana kicin, miji yana wajen karɓar kuɗi, 'ya'ya na kai abinci tebur. Abincin garinsu kawai suke dafawa, jerin abincin wani lokaci shafi ɗaya ne ko a allo da alli. Ristorante ya fi shi tsada da iyayi. Shi ke nan.

Na je ƙarfe shida na yamma na tarar a kulle, sun tashi ne?

Ba su tashi ba, kai ne ka yi sammako. Abincin rana daga 12:30 zuwa wajen 2:30, na dare sai 7:30 suke buɗewa, a kudu kamar Napoli da Sisili ma sai tara mutane ke fara cika. Yawancinsu suna da rana ɗaya ta hutu a mako, sau da yawa Litinin, kuma a watan Agusta kusa da 15 ga wata lokacin hutun Ferragosto wasu iyalan kulle ƙofa suke su tafi bakin teku mako biyu ko uku. Daren Asabar da ranar Lahadi ka kira ka kama wuri, tebur goma sha ne a ɗakin ba filin idi ba.

Mene ne coperto da na gani a takardar lissafi, ban ci wani abu mai wannan suna ba?

Kuɗin zama ne, na burodi da shimfiɗar tebur, a kan kowane mutum, yawanci yuro biyu ko uku. Yana rubuce a ƙasan jerin abincin da ƙananan baƙaƙe. Ba cuta ba ce, kar ka tayar da jijiyar wuya.

Dole ne in ci antipasto da primo da secondo duka?

A'a. Antipasto ɗan abin taɓawa ne kafin babban abinci, primo shi ne taliya ko shinkafa ko miya, secondo nama ko kifi, contorno ganye ko dankali, kuma shi daban ake siyan shi, in ka ce kifi to kifin ne zai zo tsirara a faranti babu komai a gefensa. Ka ɗauki biyu daga ciki ya isa. Amma mutum huɗu ku zauna ku siya faranti ɗaya kuna zagaye shi da cokula, wannan kam za a kalle ku.

To babbar magana, ya zan kauce wa alade da giya?

Yauwa, a nan ne nake so ku nutsu, don wannan ita ce tambayar da ta cancanci a kira ni a kanta kuma ita ce ba ku cika yi ba sai bayan kun cinye. Kuskuren farko shi ne ka ce «senza carne», wato ba nama, ka ɗauka ka gama. A kan mutumin Italiya, musamman tsofaffi, carne shi ne tsokar da ake gani a faranti, amma ɗan yankan alade da aka soya albasa da shi don ɗanɗano, shi kamar daddawa yake a wurinsu, ba ya cikin lissafi. Ni da kaina farkon zuwana na siya miyar wake da taliya, pasta e fagioli, na tambayi wata dattijuwa ko akwai nama ta rantse babu, ina cikin ci cokalina ya ɗago fatar alade, da na nuna mata ta ce ai wannan ba nama ba ne don daɗi aka sa. Ba ƙarya ta yi mini ba, ni ne ban iya tambaya ba. Kalmar da kake buƙata ita ce maiale, wato alade, ka ce «non mangio maiale», ba na cin alade, sannan ka bi da sunayen ɗaya bayan ɗaya: prosciutto, pancetta, guanciale, salsiccia, mortadella, salame, speck, lardo, duk alade ne a riguna daban daban.

A Rum, carbonara da amatriciana da gricia dukkansu da guanciale ake yi, naman kumatun alade, kuma kar ka ce a cire, in aka cire babu abin da ya rage. Cacio e pepe kuwa cuku ne da masoro kawai. A nan Bolonya abin ya fi muni, miyar nan ta ragù da duniya ta sani, wadda aka ajiye rubutaccen tsarinta a majalisar 'yan kasuwar garin tun 1982, akwai pancetta da giya a cikinta tare da naman sa, tortellini kuma, 'yar taliyar nan da ake ƙunsa wa nama, cikinsa alade kala uku ne. Sai strutto, kitsen alade da aka narkar, wanda ba ya ganuwa sam, yana shiga piadina da gnocco fritto da wasu burodin yankin nan, a Napoli yana cikin sfogliatella da taralli, a Sisili da shi ake kwaɓa ɓawon cannoli na gargajiya. Don haka har kwandon burodin da aka ajiye maka ka tambaya, «c'è strutto?». Wasu sun koma man zaitun, wasu ba su koma ba.

Giya kuma, kusan kowane risotto sai an zuba farar giya a kan shinkafar a farkon girki, taliyar vongole mai 'yan ƙananan kifin ɓawo ma sau da yawa haka, a kayan zaƙi kuma, tiramisù wani gida yana sa giyar marsala wani ba ya sa, babà kuwa a cikin giyar da ake kira rum yake wanka. Za su ce maka ai ta ƙone a wuta, wannan ra'ayinsu ne, kai ka ce «senza vino» tun kafin a ɗora tukunya, in risotto ne ko kifi galibi za su iya yi maka don a take ake dafa su, in ragù ne ba yadda za a yi tunda tun safe yake kan wuta.

Kar kuma ka dogara da 'yan lambobin nan da ke gefen sunan abinci, dokar Tarayyar Turai ce ta tilasta a nuna abubuwa 14 masu tayar wa mutane da borin jini, irin su gyaɗa da madara da ƙwai, alade ba ya cikinsu.

Saura biyu da ni ba zan yanke muku ba. Naman sa da kaza da rago a irin wannan gida ba yankan Musulmi ba ne, malamai sun yi magana mai tsawo a kan yankan ahlul kitabi da kuma yadda mayankan Turai ke aiki yanzu, kuma ba bakinsu ɗaya ba. Haka cukun Parmigiano, da wani sinadari daga tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da shi, Pecorino Romano kuma na ɗan rago, wasu malaman sun sauƙaƙa wasu sun tsananta. Ka tambayi malaminka tun kana gida, ba ni ba, ni dai abin da nake yi shi ne in bar nama in kama kifi. Taliya da tumatir, taliya da tafarnuwa da man zaitun da barkono, gasasshen kifi, gasasshen ganye, pizza margherita, waɗannan da wuya su ba ka matsala, duk da haka ina tambaya.

Kuma hankalinka ya kwanta, a nan ne ma gidan iyali ya fi manyan wuraren 'yan yawon buɗe ido, domin wadda ta dafa tana bayan ƙofar nan, ɗanta zai leƙa ya tambaye ta ya dawo da amsa, wani lokacin ita da kanta za ta fito tana goge hannu ta ce bari ta yi maka wani abu daban. Ka dai yi tambayar da fara'a, ba kamar ɗan sanda ba.

Taliyar ba ta nuna ba, in mayar?

Ta nuna. Haka suke cin ta, al dente, da ɗan tauri a tsakiya. Ka mayar ka ga yadda fuskar kaka za ta koma.

Babu yaji ne a ƙasar nan?

Ka nemi peperoncino ko olio piccante, za a kawo. In ka ce peperoni tattasai za a ba ka. Kuma ka kula da 'nduja ta Kalabriya, ja ce wur tana da yaji kamar ta gida, amma alade ce. Masu zuwa da ƙullin yajin ƙuli a jaka, ban hana ba, amma a ɗanɗana abincin tukuna kafin a barbaɗa, kuma kar a nemi ketchup ko a ce a ɗora kaza a kan taliya.

Zan iya sa hannu?

A burodi da pizza, e. Taliya da cokali mai yatsu, kuma ba a yanka ta da wuƙa. Suɗe miyar da ta rage da guntun burodi har suna gare shi, scarpetta, a trattoria mai girki daɗi take ji in ta ga faranti ya dawo fes.

Sun kawo mini wani ɗan ƙaramin kofi mai ruwan ɗorawa kyauta bayan na gama, lemo ne?

Limoncello ne, giya ce mai ƙarfi, baƙin kuma amaro, shi ma giya. Ka ce «grazie, non bevo», wato na gode ba na sha, ka nemi caffè, wato gahawa, amma ba caffè corretto ba don shi ma an ɗiga masa giya. Cappuccino bayan abinci za su ba ka in ka nace, sai dai a wurinsu abin karin kumallo ne.

Mun fi minti arba'in da gamawa ba wanda ya kawo lissafi, raini ne don mu baƙaƙe ne?

Haba ɗan uwa. Kawo wa mutum lissafi bai nema ba kamar korarsa ne a wurinsu, teburin naka ne har ka gaji. Ka ce «il conto, per favore», ko ka tashi ka je wajen maigidan ka biya a can. Kati yana aiki, tun 2022 ake cin tarar mai shagon da ya ƙi karɓa, amma ka riƙe 'yan tsabar kuɗi. Tukuici ba dole ba ne, in sun kyauta maka ka bar yuro biyu ko uku a kan tebur.

Wace trattoria za ka ba ni shawara in je?

Ba zan faɗi suna ba, in na faɗa gobe ka tarar da ita a kulle ni za ka zaga. Ka bar babban dandali ka shiga lungu biyu ko uku, ka wuce duk inda ka ga hotunan abinci a ƙofa da wani yana tsaye yana kiran mutane, ka leƙa inda ma'aikata 'yan gari suka cika da ƙarfe ɗaya na rana.