Illar zaiba ga 'ya'yan ɓeraye tun suna cikin uwa

Zaiba, wadda ake kira makuri a littattafan kimiyya, ita ce ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa da masu haƙar zinare ke kama gwal da ita. Idan ta shiga kogi ko teku, ƙwayoyin bakteriya sukan mayar da ita metilmakuri, nau'in da ke taruwa a jikin kifi. Wannan nau'in ne aka fi gwadawa a kan ɓerayen ɗakin bincike masu ciki.

Abin da ya jawo hankalin masana shi ne bala'in Minamata a Japan, inda mutane suka ci kifi mai gubar metilmakuri, wanda aka tabbatar a 1956. A can an ga uwaye da kusan babu alamar ciwo a jikinsu suna haihuwar yara masu mummunar lahanin ƙwaƙwalwa. Ba a iya gwada irin wannan a jikin mutum, don haka aka koma ga ɓera, wanda cikinsa mako uku ne kacal.

Metilmakuri yakan manne wa sinadarin sistin, sai haɗin ya yi kama da wani sinadarin gina jiki mai suna metiyonin. Da wannan shigar burtu yake ratsa mabiyiya, ya kuma kutsa ƙwaƙwalwa. A ɓeraye, yawansa a ƙwaƙwalwar ɗan tayi yakan zarce na uwar lokacin haihuwa. Yana hana ƙwayoyin jijiya rabuwa da kaiwa mazauninsu, yana kuma raunana sinadaran kariya masu dogaro da ma'adinin siliniyam.

Idan adadin ya yi yawa, illar a fili take: mutuwar 'yan tayi, ƙarancin nauyi, tsagewar ganda. Ƙaramin adadin ne ya fi ba da mamaki. A 1972 Joan Spyker da abokan aikinta a Jami'ar Minesota suka yi wa ɓeraye masu ciki, na ƙaramin nau'i, allurar metilmakuri sau ɗaya, a rana ta 7 ko ta 9 ta ciki. Aka haifi 'ya'yan garau, ba a iya bambanta su da sauran da ido. Sai da aka jefa su ruwa asiri ya tonu: maimakon su miƙe su yi iyo, wasu sukan sandare, su tsaya a tsaye cikin ruwan, kai kaɗai a waje. Wannan aikin na cikin waɗanda suka kafa fannin nazarin lahanin ɗabi'a da ke farawa tun a ciki.

Daga baya Christopher Newland na Jami'ar Auburn a Amurka ya riƙa zuba ɗan metilmakuri kaɗan a ruwan shan uwayen ɓeraye. 'Ya'yan sukan koyi danna sandar da ke sako abinci ba wahala. Amma idan aka juya dokar, abincin ya koma ɗaya sandar, sai su nace wa ta farko, su yi ta dannawa a banza. Wasu illolin kuma ba sa fitowa sai tsufa ya kama dabbar.

Ɗora sakamakon kai tsaye kan ɗan Adam ganganci ne. Jinin ɓera na babban nau'i yana riƙe zaiba sosai, kaɗan ce ke isa ƙwaƙwalwarsa, alhali a mutum ƙwaƙwalwar ce ta fi jinin tarawa. Ga kuma batun lokaci: girman da ƙwaƙwalwar jariri ke yi a watanni ukun ƙarshe na ciki, ɗan ɓera yana yin sa ne bayan haihuwa, lokacin da nono ba ya kai masa gubar da yawa. Shi ya sa hukumar kare muhalli ta Amurka, wajen tsayar da iyakar metilmakurin da mutum zai iya ci a kan maikrogiram 0.1 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, ta dogara da binciken yaran tsibiran Faro na arewacin tekun Atlantika, inda ake cin naman kifin whale mai ɗauke da wannan gubar.