Sabuwar Mujallar Wasan Kasada Za Ta Iya Ja Da Tsohuwa? Tambayoyi Da Amsoshi

Wane irin wasa ne wannan, kuma ina mujalla ta shigo cikinsa?

Wasa ne da mutum huɗu zuwa shida suke kewaye tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da yawunsa. Mutum ɗaya, wato jagoran wasa, shi ke faɗin abin da jaruman suka gani, shi ne kuma bakin dodanni da sarakuna da 'yan fashin da suka tarar. In jarumi ya yunƙura zai yi abin da ana iya ci ana iya faɗuwa, sai a jefa ɗan ludo, galibi mai fuska 20. Wanda ya fi suna shi ne Dungeons & Dragons, na Gary Gygax da Dave Arneson, wanda kamfanin TSR ya fitar a Amurka a 1974.

Wahalar tana kan jagora. Kafin a zauna sai ya tanadi taswira, da dodanni da alƙaluman ƙarfinsu, da tarkuna, da dukiyar da za a tsinta, da dalilin da ya sa mugun da ke cikin labarin yake mugunta. Irin wannan shiri shi ake kira kasada, kuma mujallar kasada tana sayar masa da shi ne a kammale.

Wace mujalla ake nufi da tsohuwa?

Dungeon. TSR ta fara buga ta a 1986, bayan 'yar'uwarta Dragon ta shekara 10 a kasuwa. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, sannan a 2002 aka ba kamfanin Paizo lasisin buga mujallun biyu. Bugun takarda ya tsaya a 2007 a fitowa ta 150, aka ci gaba a intanet har 2013.

To me zai hana sabuwa ta kama ta, in dai rubutunta ya fi kyau?

Kyan rubutu ba shi ne babban abin ba. Abu na farko, a tebur mai mutum biyar, mutum ɗaya ne kawai ke sayen labarin kasada. Sauran ma bai kamata su karanta ba, don in suka san inda tarko yake wasan ya lalace. Ke nan tun daga farko kasuwar ta tsuke.

Na biyu ya fi wannan muni, kuma masu sabuwar mujalla sun cika mantawa da shi. A ƙarshen zamaninta Dungeon tana kawo kasada uku a wata: ɗaya ta jarumai masu ƙaramin matakin ƙarfi, ɗaya ta matsakaita, ɗaya ta manya. Ƙungiyar da ke haɗuwa sau ɗaya a mako kuwa takan ci zama biyu zuwa huɗu kafin ta gama kasada guda. Duk wanda ya shekara biyu yana karɓar mujallar, ya tara abin da ba zai ƙarar ba ko da ya daina saye. Mai irin wannan tari ba ya jin yunwar mujalla ta biyu. Sai dai a kawo masa abin da babu a tarinsa.

Na uku shi ne tambarin "na hukuma". Jagorori da dama ba sa yarda da abin da bai fito daga kamfanin da ya mallaki wasan ba, suna tsoron alƙalumansa ba su daidaita ba.

Doka ta yarda wani ya buga kasada don wasan da ba nasa ba?

Ta yarda, amma da iyaka. A 2000 Wizards ta fitar da buɗaɗɗen lasisi da ake kira OGL, wanda ya ba kowa damar amfani da ƙashin bayan ƙa'idojin wasan ba tare da biyan ko sisi ba. A Janairun 2023 kamfanin ya so sauya lasisin, jama'a suka yi ca, ya ja da baya har ya saki ƙa'idojin bugu na biyar na wasan ƙarƙashin Creative Commons, wani lasisi da ke ba kowa damar amfani da abu kyauta.

Abin da lasisin bai bayar ba shi ne sunayen duniyoyin kamfanin irin su Forgotten Realms da Greyhawk, da wasu fitattun dodanni kamar beholder da mind flayer, da tambarin wasan a bango. Tsohuwar mujalla, a zamaninta, tana da duk waɗannan. Sabuwa dole ta gina tata duniyar, ta kuma koya wa masu karatu son ta.

An taɓa samun wanda ya yi nasara?

An samu, sai dai a lura da yadda aka yi. Lokacin da lasisin Paizo ya ƙare a 2007, kamfanin bai fito da mujalla mai kama da Dungeon ba. Ya ɗauki abu ɗaya da ya fi karɓuwa a cikinta, wato doguwar kasada mai ci gaba wata bayan wata, irin Shackled City da Age of Worms da Savage Tide, ya mai da shi littafin wata-wata mai shafi 96 da sunan Pathfinder. Kowane labari kashi shida ne. Wanda ya sayi kashi na farko kuma ƙungiyarsa ta shiga labarin, ba shi da zaɓi sai ya nemi na biyu. Wannan ya magance matsalar tari da aka ambata a sama.

Amma kada a ruɗu. Paizo ba sabon shiga ba ne. Editocin Dungeon ne, da marubutanta, da masu zanenta, kuma an ba masu rajista, wato waɗanda suka biya kuɗin mujallar tun gaba, damar mai da kuɗinsu da ya yi saura kan sabon littafin. Ga kuma sa'a: bugu na huɗu na Dungeons & Dragons ya fito a 2008 da lasisi mai tsauri, mutane da yawa suka ƙi barin tsofaffin ƙa'idoji, Paizo ta tarbe su da nata wasan a 2009. A gaskiya tsohuwar ce ta sauya riga.

Misalin da ya fi kusa da sabon shiga shi ne mujallar Kobold Quarterly ta Wolfgang Baur, wanda shi ma tsohon editan Dungeon ne. Ta fara a 2007, ta samu yabo sosai, ta tsaya a 2012 bayan fitowa 23. Kamfanin da ke buga ta ya rayu, amma da littattafai.

Ina kuɗin yake tafiya?

Kashi biyu ne. Akwai kuɗin da ba ya sauyawa ko kwafi nawa aka buga: marubuta, waɗanda ake biya bisa yawan kalmomi, da edita, da zanen bango, da zanen ciki, da taswirori, da mai tsara shafi. Taswira tana da tsada kuma ba a iya rage ta, domin kowace kasada tana son biyu ko uku. Sai kuɗin kowane kwafi: bugu da aikawa. A tuna maɗaba'a tana aiki da ninkin takarda, saboda haka yawan shafuka kan zo 16-16, ko aƙalla 4-4 in ɗinkin waya ne. Kasadar da ta wuce da shafi ɗaya sai a datse ta ko a biya ninki guda cur.

In aka bi ta dillalai zuwa shagunan wasanni, abin da ke dawowa ga mai bugawa kusan kashi 40 ne cikin 100 na farashin bango. Ga lissafi na misali kawai: mujallar dala 10, dala 4 ta dawo, bugu ya ci dala 2 da rabi, saura dala 1 da rabi. In kuɗin da ba ya sauyawa dala 12,000 ne, sai an sayar da kwafi 8,000 kafin a mai da jari. In kuwa kai tsaye aka sayar wa mai rajista aka tsira da dala 6, kwafi 2,000 sun isa. Rumfunan jaridu sun fi haɗari, don abin da bai sayu ba asararsa a kan mai bugawa take. Talla ma ba abin dogaro ba ce, tunda kamfanonin wasan yanzu suna isa ga masu saye da kansu.

Me ke kashe irin waɗannan mujallu?

Fitowa ta uku. Ta farko an yi watanni ana gyara ta, ta biyu daga ragowar ta farko aka haɗa, ta uku kuma babu komai a ajiye. Kasada guda sai ta bi matakai: gajeren tsari daga marubuci, amincewar edita, rubutun farko, gwaji a tebur, gyaran alƙaluma, odar zane da taswira, tsara shafi, duba na ƙarshe. Wannan kan ci watanni, don haka mai son fitowa duk wata sai ya kasance da fitowa uku ko huɗu a hanya lokaci guda. Da jinkiri ya fara, masu rajista suna daina sabuntawa.

Gwaji shi ake fara yankewa in lokaci ya ƙure, kuma nan ɓarnar take. Za a ga faɗan da aka rubuta wa jarumai masu mataki na uku yana share su gaba ɗaya, ko labarin da ya rataya a kan alama guda wadda in jifan ɗan ludo bai ci ba, ƙungiya ta tsaya cak. Maganin wannan na biyun sananne ne: duk abin da dole a gano, a ajiye masa hanyoyi uku. Sai kuma rubutu ya ce ɗaki na 7 yana da ƙofa biyu, taswira ta nuna ɗaya, saboda an gyara rubutun bayan mai zane ya gama. Jagora na ganin irin wannan sau biyu, ba zai sake saye ba.

Tunda Dungeon ta tsaya, ba fili ya buɗe ba ke nan?

Bai buɗe ba, cika ya yi. Shagunan intanet irin su DriveThruRPG da Dungeon Masters Guild, wadda aka buɗe a 2016, suna ɗauke da dubban kasadu masu arha, wasu ma kyauta. Tun 2019 Kickstarter, shafin tara kuɗi daga jama'a, take gudanar da Zine Quest, inda ƙananan mujallu suke tara kuɗin bugu kafin su buga. Masu wasa ta intanet a Roll20 ko Foundry kuma suna son taswira a matsayin fayil, ba a takarda ba.

Abin da mujalla za ta iya sayarwa yanzu shi ne tacewa: jagora ya san duk abin da ke ciki an gwada shi. Wadda za ta rayu takan fara da fitowa huɗu a shekara maimakon 12, ta tsaya kan tsarin wasa ɗaya, ta karɓi kuɗin rajista kafin bugu, ta haɗa kowane kwafi da fayil ɗin taswirori iri biyu, na jagora mai alamar tarkuna da na 'yan wasa marar alama, kuma ba ta sanar da ranar fitowa ta farko sai ta biyu ta gama tsarin shafi.