Ƙaramin magagari na maƙeran zinare da azurfa

Ƙaramin magagari wani siririn ƙarfe ne mai tauri da ƙananan haƙora a jikinsa, wanda maƙeran fari ke amfani da shi wajen gyara zobe, ɗan kunne, sarƙa da awarwaro bayan an zuba ko an yanka ko an haɗa da wuta. Saboda sirantarsa wasu suna ce masa magagarin allura. Ba a sa masa ƙota, ƙarfe ɗaya ne daga baki har mariƙi, kuma tsawon da aka fi samu shi ne santimita 14, 16, 18 da 20, wajen rabi haƙora rabi wurin riƙewa.

Abu na farko da ake dubawa kafin a saya shi ne lambar haƙori. A tsarin Suwizalan lambobin suna tashi daga 00 zuwa 6, 00 shi ne mafi kaushi 6 kuma mafi laushi, wato kamar dai yadda lamba ke ƙaruwa haka haƙoran ke ƙanƙancewa suna matsewa. Lamba 0 tana cin ƙarfe da sauri amma tana barin zane mai zurfi, lamba 2 ita ce ta aikin yau da gobe, lamba 4 kuma ita ke share zanen da 2 ta bari kafin a kai ga goga da ƙyalli. Jamusawa suna da nasu lissafin daban, don haka lamba 2 ta wannan kamfani ba lallai ta zama daidai da 2 ta wancan ba, gara mutum ya shafa da yatsa ya ji. Kuma fa wanda ya ɗora lamba 0 a kan siririn zoben zinare, kafin ya ankara nauyin da mai kaya ya biya kuɗinsa ya koma gari.

Sai siffa. Akwai mai faɗi, akwai zagayayye kamar wutsiyar ɓera na buɗa rami, akwai mai kusurwa uku da mai huɗu na shiga lungu, akwai mai bakin wuƙa. Mai rabin zagaye shi ne wanda hannu ya fi komawa kai, bayansa mai tudu yana bin cikin zobe, gabansa mai faɗi yana bin waje. Amma wanda ya fi cancanta a tsaya a kai shi ne mai haƙora a fuska ɗaya kawai, bayansa sumul kamar doron rufin kwano. Ka ɗauki zobe mai ƴan ƙafafu huɗu da za su riƙe dutse, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, in ka zura mai haƙora ta kowane gefe kana gyara wannan ƙafa kana cinye waccan ba ka sani ba, shi kuwa wannan bayansa zamewa kawai yake yi.

Akwai wanda ya fi waɗannan ƙanƙanta, asalinsa na masu gyaran agogo ne, bakinsa gajere kuma saurin karyewa gare shi in aka danna. Mai ƙurar daimon kuma na gilashi ne da tangaran da ƙarfe mai tsananin tauri, a kan azurfa ba ya bada santsin da na ƙarfe ke bayarwa.

Garin da ya yi suna a wannan sana'a shi ne Vallorbe a ƙasar Suwizalan, inda masu ƙera magagari suka haɗe suka zama kamfani ɗaya a 1899. A Jamus ma akwai kamfanin Friedrich Dick, wanda aka kafa a garin Esslingen a 1778. Kayansu da tsada, shi ya sa da yawa ke sayen ƙunshin guda 10 ko 12 mai arha, sai dai irin wannan sau da yawa haƙoran ba su jeru daidai ba, gefen ma a karkace. Guda uku masu kyau, mai rabin zagaye, mai fuska ɗaya da zagayayye, duk lamba 2, sun fi wa mai koyo amfani nesa ba kusa ba.

Magagari a turawa gaba yake ci, in za a dawo sai a sassauta hannu. Ana goga masa alli don kada garin ƙarfe ya toshe haƙoran, a share da buroshi, kuma ba a zuba su wuri ɗaya suna gugar juna, damshi ma tsatsa yake jawo masa. Wanda ya taɓa dalma kada ya kusanci zinare ko azurfa, don ɗan ɓurɓushinta in ya ji wuta huda kayan yake yi. Garin da ke zubowa kuwa maƙera suna shimfiɗa fata ko tire a ƙarƙashi su tara shi, su bi da maganaɗisu ya tsince ƙarfen ciki, sannan a narka.