Waiwaye: Yadda aka tayar da tsohon garin Warso daga kufai

Baƙon da ya tsaya a tsakiyar tsohuwar kasuwar Warso, babban birnin ƙasar Foland, ya ɗaga kai ya ga dogayen benaye masu ƙananan tagogi, wani ja, wani ruwan ɗorawa, sai ya rantse sun shekara ɗari huɗu a tsaye. Alhali akwai tsofaffi a birnin da suka girme su. A ranar 22 ga Yulin 1953 aka buɗe dandalin bayan an sake gina shi tun daga tushe.

Garin kansa ya daɗe. An kafa shi wajen shekara ta 1300 a bakin kogin Bistula, kuma daga 1596 sarki Sigismund na Uku ya fara maido da fadarsa nan daga Krakow. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya yi masa kaca-kaca. Jiragen Jamus sun ƙone fadar sarki a Satumbar 1939, an rushe unguwar da aka killace Yahudawa a 1943, sannan mutanen gari suka yi wa 'yan mamayar Jamus bore a ranar 1 ga Agustan 1944. Kwana 63 suna fafatawa kafin su miƙa wuya. Daga nan sojojin Jamus suka kori sauran jama'a, suka bi gida-gida da wuta da nakiya. Da sojojin Sobiyet suka shigo a Janairun 1945, kusan kashi 85 cikin ɗari na birnin ya zama tarin ɓaraguzai.

To a nan gardama ta tashi. Wasu masana gine-gine na ganin a share wurin a yi birni na zamani. Farfesa Jan Zachwatowicz, wanda aka ɗora wa kula da kayan tarihi, ya kafe a kan sai an mayar da tsohon garin, tunda da gangan aka rushe shi don a shafe asalin mutanen. Maganarsa ta yi rinjaye.

Amma da me za a kwatanta? Akwai hotuna, akwai zanen awon gidaje da ɗaliban gine-gine suka yi kafin yaƙi. Sai kuma zane-zanen Bernardo Bellotto, Ba'italiyen da ya yi wa sarki Stanislaw August aiki har ya rasu a 1780, mutumin da ke fitar da kowace taga da kowane ado na bango dalla-dalla. Magina suka riƙa duba zanensa suna ɗora bulo. Mata da 'yan makaranta suna jera layi a kan kufai, ana miƙa bulo hannu da hannu, ana kankare tsohon siminti. Har daga Wroclaw aka yi ta lodin bulo a jirgin ƙasa, wato an kwashe na wani gari don a rufa wa babban birni asiri.

Abin da aka gina ba garin 1939 ba ne sak. Kafin yaƙi unguwar ta talakawa ce, cunkushe, ba haske. Aka rage gine-ginen bayan gida, aka sa famfo da banɗaki, aka sauya fuskar babban cocin Yohanna zuwa salon da ya girmi wanda aka rushe. Ni a ganina gyara ne aka yi wa tarihi, ko da kuwa da kyakkyawar niyya.

Siyasa ma ta yi nata zaɓen. Fadar sarki ba ta yi wa gwamnatin gurguzu da aka kafa bayan yaƙi daɗi ba, aka bar ta kango har 1971, kuma da kuɗin karo-karon jama'a aka kammala ta a 1984. Unguwar Yahudawa kuwa ba a maido ta ba. A kan ɓaraguzanta aka gina rukunin gidajen Muranow, shi ya sa wasu benayen suke bisa tudu. A 1955 aka gama Fadar Al'adu da Kimiyya, dogon bene mai mita 237 da aka kira kyautar Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet.

Hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1980. Sai dai dokar Bierut, shugaban ƙasar na lokacin, ta Oktoban 1945, wadda ta ƙwace filayen birnin gaba ɗaya don a samu damar gini, ta bar baya da ƙura: bayan faɗuwar gurguzu a 1989 magada suka taso neman gidajen kakanninsu, aka shafe shekaru ana shari'a, wasu 'yan haya kuma suka tsinci kansu a waje.