Gigin Tsufa Ba Iri Ɗaya Ba Ne: Abin da Hoton Ƙwaƙwalwa Yake Nunawa

Wace cuta ce ake magana a kanta?

Abin da muke kira gigin tsufa yana da sanadi da dama, amma mafi yawa cutar Alzheimer ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu wannan larura. Sunan likitan Jamus ne, Alois Alzheimer, wanda a 1906 ya bayyana abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata majinyaciyarsa bayan rasuwarta: wani sinadari mai suna amiloyid ya dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wani kuma mai suna tau ya cukuikuye a cikinsu.

To ba mantuwa ce alamarta ba?

Ga mafi yawan mutane, ita ce. Cutar kan fara cin wani ɗan sashe da ke can ciki daura da kunne, hifokamfus, ma'ajiyar sabon abin da mutum ya ji ko ya gani. Shi ya sa tsohuwa za ta ba ka labarin bikinta tiryan-tiryan, amma ta tambaye ka sau biyar ko an yi sallar la'asar.

Sai dai ba kowa take shiga ta wannan ƙofa ba, kuma nan ne abin ya fi damuna. A 2011 masu bincike na asibitin Mayo a Amurka suka duba ƙwaƙwalen mamata 889 da suka yi cutar. Kusan kashi 75 sun bi hanyar da aka sani, kashi 14 cutar ta fi tattaruwa a ma'ajiyar tunani, kashi 11 kuwa ta kusan ƙyale ma'ajiyar ta afka wa ɓawon ƙwaƙwalwa. Waɗannan na ƙarshe sukan kamu da ƙarancin shekaru, kuma sau da yawa akan ɗauka wata cutar ce daban.

Yaya irin waɗannan suke bayyana?

Akwai wanda take kamawa ta ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ke fassara abin da ido ya gani. Dattijo ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, hannun ya wuce ta gefe. Yana karatu layi ya ɓace masa, matakalar masallaci ta gagare shi. A sauya masa tabarau sau biyu, sau uku, likitan ido ya ce idon lafiya lau. Alhali yana tuna sunan kowane jika. Wani kuma ta fara masa daga ɓangaren hagu, wurin harshe: ya san buta, ya san amfaninta, amma kalmar ta maƙale, sai ya ce "miƙo min abin nan". Akwai kuma wanda hali da tsara al'amura ne ke fara lalacewa. Irin waɗannan ne a gidajenmu ake saurin cewa sammu ne ko iska, a yi ta yawon neman magani shekaru suna tafiya.

Me hoton ke gani?

Na'urar MRI tana nuna inda ƙwaƙwalwa ta motse. Na'urar PET kuwa, ana yi wa mutum allurar wani ruwa da ke manne wa amiloyid ko tau, sai wurin ya haska a hoto. A 2004 aka wallafa binciken da ya nuna amiloyid a ƙwaƙwalwar rayayyun mutane da ruwan da aka haɗa a jami'ar Pittsburgh. A 2021 wani bincike da masana jami'ar Lund ta Suwidin da McGill ta Kanada suka jagoranta ya bi hotunan tau, ya gano hanyoyi huɗu da yake yaɗuwa, ba ɗaya ba kamar yadda aka daɗe ana koyarwa.

Hoto kaɗai ya isa a ce mutum yana da ita?

A'a. Akwai tsofaffi da yawa masu amiloyid a kai kuma hankalinsu garau. Dole likita ya haɗa da gwajin tunani da bayanin wanda ke zaune da majinyacin.

Tunda ba ta warkewa, mene ne amfanin wahalar?

Na farko, wani lokaci ba ita ba ce. Hoton CT ko MRI na iya nuna jinin da ya taru bayan faɗuwa, ko ƙari, ko ruwa da ya yi yawa a kai, ko ƙananan shanyewar jiki da hawan jini ya jawo, kuma da yawa cikin waɗannan ana iya yin wani abu a kai. Sabbin magunguna irin su lecanemab, da Amurka ta amince da shi a 2023, suna ɗan rage saurin cutar ne a farkonta, sai an tabbatar da amiloyid kafin a fara, ana kuma bibiya da MRI saboda kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Sannan sanin irin yana sauya jinya. Mai matsalar gani yana buƙatar haske sosai a ɗaki, kwano mai launi daban da na tabarma, da mai riƙe masa hannu a bakin titi. Mai matsalar harshe kuwa a yi masa gajeriyar magana, a jira shi ya nemo kalmarsa, kada a yi ta ƙarasa masa zance.